Camfe-camfen mai juna biyu a ƙasar Hausa

Camfe-camfen mai juna biyu su ne hane-hane da umarnin da al'ada take ɗora wa mace tun daga lokacin da aka gane tana da ciki har ta haihu. Sun shafi abin da za ta ci, da lokacin fitarta, da aikin da za ta yi. Yawanci daga bakin uwar miji, kakanni, ungozoma da maƙwabta suke fitowa, kuma ba a jira sai mai cikin ta nemi shawara. Wasunsu ba sa cutarwa, wasu kuwa suna hana ta abinci mai gina jiki ko su sa ta makara wajen zuwa asibiti.

Kalmomi

Hausawa ba su cika ambaton ciki kai tsaye ba, saboda kunya da tsoron baki. Sukan ce mace tana da "juna biyu" ko "ta samu ƙaruwa", in ta haihu a ce "ta sauka". Rashin jin daɗin watannin farko shi ne "laulayi". "Goyon ciki" kuma shi ne komawar mace gidan iyayenta idan cikin fari ya tsufa, domin ta haihu a gaban mahaifiyarta. Su kansu camfe-camfen kusan sigarsu ɗaya ce, wato jimlar sharaɗi: idan mai ciki ta yi kaza, to kaza zai sami ɗanta. Da yake a kan jariri ake ɗora sakamakon, da wuya uwa ta yi gardama.

Abinci

Camfin da ya fi shahara shi ne na zaƙi. Ana cewa shan rake, zuma ko sukari da yawa yana tara wani abu a mara da ake kira "zaƙi", wanda yake tsare hanya ya sa naƙuda ta yi tsawo. Don haka idan ciki ya tsufa akan fara ba mace jiƙe-jiƙen saiwoyi da ɓawon itatuwa, da sunan maganin zaƙi. L. Lewis Wall ya yi bayanin irin wannan fahimta ta cuta da magani a littafinsa Hausa Medicine na shekarar 1988. Rage sukari ba laifi ba ne, musamman ga mai ciwon suga na lokacin ciki. Matsalar tana ga jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, da kuma ɗora alhakin doguwar naƙuda a kan zaƙi, alhali sau da yawa ƙugun uwa ne ya yi wa kan jariri kaɗan ko kwanciyarsa ba daidai ba.

A wasu gidaje ana hana mai ciki ƙwai, wai ɗan zai tashi ɓarawo. Wasu kuma suna hana ta ƙoshi don kada jariri ya yi girman da zai ba ta wahala. Babu hujjar likitanci a kan maganar ƙwai: dafaffen ƙwai yana cikin abinci mai gina jiki mafi sauƙin samu a karkara.

Fita da aljanu

Ana hana ta fita da tsakar rana ko da magariba, da zuwa rafi ko rijiya da dare, don kada aljani ya musanya abin da ke cikinta ta haifi "ɗan ruwa". In fitar ta zama dole, takan riƙe ƙusa ko allura. Ana kuma hana ta tsallake igiya, wai cibiya za ta naɗe wuyan jariri.

Juriya da kunya

Duk da waɗannan hane-hane, ba kasafai ake ɗauke wa mai ciki aiki ba. A ƙauyuka da yawa takan yi daka da surfe da girki har ranar naƙuda, ana kuma yaba mata da cewa aiki yana sa haihuwa ta zo da sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2020 ta shawarci mai cikin da ba ta da matsala ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Jikinta ma aiki yake yi ba dare ba rana, tun da yawan jininta yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari.

Sai dai wannan yabo yana da wata fuskar. Ana sa ran mace, musamman a haihuwar fari, ta daure naƙuda ba tare da ta yi kuka ba, kuma wadda ta yi raki takan sha gori. Wannan kan sa a yini a kwana ana naƙuda a ɗaki kafin a nemi mota. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, cutar da ake yi wa mata aikinta a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Ɓoye ciki a watannin farko shi ma yana jinkirta fara awo.

Matsayin addini da likitanci

Malamai suna hani da camfi, saboda yana jingina cuta ga abin da ba shi ne sanadinta ba. Shari'a kuma ta yi wa mai ciki rangwamen ajiye azumin Ramadan idan ta ji tsoron cutuwar kanta ko abin da ke cikinta.

Hanin da likitoci suke yi bai kai na al'ada yawa ba: giya, taba, nama ko ƙwan da bai dahu ba, da shan magani ba da izinin ma'aikacin lafiya ba. A ƙa'idojinta na 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12 na farko, ta kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kamar Najeriya da Nijar, ana ƙara mata da kwana cikin gidan sauro da shan maganin rigakafi aƙalla sau 3, farawa daga wata na huɗu.