Ɗaura faifan ƙarfe a injin yankan ciyawa: wane inji, wane faifai, wane mariƙi?

Injin yankan ciyawa na rataye kala biyu ne a kasuwa, ko da yake a ido sun yi kama. Akwai ƙarami mai aiki da zaren roba, wanda a shagunan ƙasashe masu amfani da Faransanci ake rubuta masa coupe-bordures. Akwai kuma babba mai iya ɗaukar faifan ƙarfe, wato débroussailleuse. Na zaren wani Ba'amurke ne mai suna George Ballas ya ƙirƙiro shi a birnin Houston a farkon shekarun 1970, domin gyaran gefen ciyawar gida. Ba a yi shi don gamba da ta kai ƙirji ko sabara da ta yi itace ba.

Da damina ta ja baya, masu sharar gonaki, filayen makarantu da maƙabartu sukan ga zare yana ta tsinkewa, sai su sayi faifai su ɗaura. Daga lokacin injin ya zama wani makami dabam. Zare in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi. Ƙarfe kuwa in ya bugi dutse ko kututture, duk ƙarfin bugun kan injin yake komawa, daga nan zuwa hannun mai riƙe da shi. Shi ya sa ake zaɓen inji da faifai da mariƙi tare.

Injin da zai iya ɗaukar faifai

A fara duba bututun da ya haɗa inji da kai. In lanƙwasasshe ne daga ƙasa, a cikinsa waya ce mai lanƙwasa take juya kan, kuma ba a ɗaura wa irinsa faifai. Wanda ake so shi ne mai miƙaƙƙen bututu da ƴar giya a ƙarshensa. Ko a cikin masu miƙaƙƙen bututun, takardar da ta zo da injin ita ce ke faɗin faifan da kamfanin ya yarda a saka.

Sai ƙarfin inji. Mai cc 25 ko kusa da haka yana iya juya faifan ciyawa mara nauyi. Ƙananan itatuwa da ciyawa mai kauri suna son cc 30 zuwa 35. Faifan zarto kuwa aikin mai cc 40 ne ko fiye. Ƙaramin inji da babban faifai ba ya kai gudun da ake buƙata, kuloci ya yi ta zafi, faifan ya riƙa maƙalewa maimakon yanka.

Ire-iren faifai

Faifan ciyawa mai haƙora 2, 4 ko 8 na ciyawa ne zalla: tofa, gamba, karan gero da na dawa. Mai haƙora 8 yana kwantar da ciyawa gefe guda, ya dace da mai tara wa dabbobi harawa.

Mai baki 3, wanda faɗinsa yakan kai milimita 250 zuwa 300, shi ne na gauraye: ciyawa mai tauri, ƙaya, da tsiron da bai wuce kaurin yatsa ba. Shi ya dace da ciyawar nan mai mamaye gonaki da makiyaya wadda a Kamaru da Afirka ta Tsakiya ake kira Bokassa, a Ghana kuma Acheampong.

Faifan zarto, mai faɗin milimita 200 zuwa 225, na ƙananan itatuwa ne irin su sabara, kalgo da geza da suka yi ƙwari. Shi ya fi kowanne haɗari.

Akwai kuma kawunan da ake yi da sarƙa ko guntayen ƙarfe masu lilo. Tarayyar Turai ta hana sayar da su a shekarar 2012, bayan wani guntun sarƙa ya ɓalle ya kashe mutum a Birtaniya a 2010. Duk arharsu a bar su.

Kafin a biya kuɗi a duba abu biyu. Ramin tsakiyar faifai yawanci milimita 20 ne ko 25.4, kuma dole ya zauna daram a mazauninsa ba tare da wasa ba. Sannan adadin juyin da aka buga a jikin faifan kada ya gaza na injin.

Yadda ake ɗaurawa

A kashe inji, a cire hular fulogi, a sa safar hannu. A zura ƴar sandar makulli a ramin da ke jikin giya don ta riƙe sandar juyi, a kwance kan zaren. A ɗora faifan a kan farantinsa, a bi da farantin matsewa, sai kofin da ke zama a ƙasa yana gogar ƙasa, sannan noti. A mafi yawan waɗannan injuna notin na hagu ne: ana ɗaure shi ta inda aka saba kwance sauran notoci. In faifan yana da kibiya, a tabbatar ta yi daidai da ta jikin garkuwa.

Garkuwar ma a duba ta. Wasu injunan garkuwa ɗaya suke amfani da ita ga zare da faifan ciyawa, wasu sai an canza, faifan zarto kuma yana da tasa ƙarama ta musamman. Masu cire garkuwa don aiki ya yi sauri suna buɗe wa tsakuwa da guntun ƙarfe hanya zuwa ƙafafunsu da fuskarsu.

Tutsun faifai

In aka kalli faifan daga sama, yana juyawa ne akasin hannun agogo. A ɗauke shi kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 a gaba. Yankin da ke tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3 shi ne wurin tutsu: in ya taɓa abu mai tauri, injin yakan fizge zuwa dama da baya, kafin mutum ya ankara. Ana yanka ne da ɓangaren hagu, tsakanin ƙarfe 8 da 11, ana kai hannu daga dama zuwa hagu, a dawo ba tare da yanka ba. Haka kuma abin da aka yanke yake faɗuwa a inda aka riga aka share.

Zaɓen mariƙi

Mariƙi iri biyu ne, kuma bambancinsu a lokacin tutsu yake fitowa.

Mariƙin zobe, poignée ronde a takardun Faransanci, yana sa hannu ɗaya a kan zoben, ɗayan a baya wurin totur. Yana da sauƙin juyawa a matsattsen wuri: bakin kwata, gangaren rafi, tsakanin itatuwan lambu, gindin katanga. Sai dai hannuwan biyu suna kan layi ɗaya, ba su da ƙarfin tare fizgar gefe, kuma faifan yana iya matsowa kusa da ƙafa. Saboda haka kamfanonin da suka yarda a ɗaura masa faifan ciyawa suna sharɗanta a saka sandar tare ƙafa, wato ɗan ƙarfen da ke fitowa daga gindin zoben ya tokari cinya. Ba a ɗaura masa faifan zarto.

Mariƙi irin na kan keke, guidon, yana raba hannuwa dama da hagu, totur a hannun dama. Ana haɗa shi da maratayi mai kafaɗa biyu, nauyi ya koma kan baya da ƙugu, mutum ya riƙa juya jikinsa gaba ɗaya kamar mai aiki da doguwar lauje. Faɗin hannuwan ne ke ba da ƙarfin riƙe injin in ya yi tutsu, maratayin kuma yana hana faifan isowa ƙafa. Shi ne na fili mai faɗi, na aikin yini, kuma shi kaɗai ne na faifan zarto. Rauninsa a gangare mai tsanani da wurin da babu sararin lilo.

Wanda yawancin aikinsa zare ne, faifan ciyawa sai jefi-jefi, zobe da sandarsa sun ishe shi. Wanda sana'arsa sharar fili ce, ko zai yanke abin da ya yi itace, ya sayi mai kan keke tun farko. A daidaita maratayin yadda ƙugiyarsa za ta sauka kamar faɗin tafin hannu ƙasa da ƙashin ƙugu, in an saki hannu faifan ya tsaya dab da ƙasa.

Kariya da kulawa

Kowa ya yi nisan mita 15 daga mai aiki, har da yara da dabbobi. A sa tabarau da marufin fuska, abin toshe kunne, dogon wando mai kauri da takalmi rufaffe. A zaga filin tukuna a kwashe duwatsu, waya da kwalabe. Lokacin hunturu ƙarfe da dutse suna ba da tartsatsi, busasshiyar ciyawa kuma ba ta jira, don haka a yi aikin da sanyin safiya, ruwa a kusa.

Kafin kowane aiki a cire faifan a ƙwanƙwasa shi: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga muryarsa a dushe take. Faifan da ya tsage ko ya lanƙwashe jefarwa ake yi, ba a kai shi walda, ba a miƙar da shi da guduma. In za a wasa, a ci kowane haƙori daidai da ɗan uwansa da magagari, in ba haka ba faifan zai yi nauyi gefe guda ya riƙa girgiza hannu. A riƙa sa wa giya giris. Gaurayen mai kuma a bi abin da takardar injin ta ce: da yawa suna son 50 da 1, wato mililita 100 na man inji a lita 5 na fetur, wasu kuma 25 da 1.

A gona, faifai ba ya bambanta ciyawa da tsiron gawo ko na aduwa. Manoman da ke raya itatuwa a gonakinsu, kamar yadda ake yi a jihohin Maraɗi da Damagaram, su ɗaura wa tsiron da suke son bari ƙyalle kafin a tayar da inji.