Wace leda ce ta dace da adana tsofaffin takardu?

Ba kowace leda ce ke kare takarda ba, domin kuwa wata ma ita ce ke lalata ta.

Masana adana kayan tarihi sun amince da nau'i uku ne: polyester, wadda ake sayarwa da sunan Mylar ko Melinex, da polypropylene, da kuma polyethylene, muddin dai ba a shafa musu wani sinadari ba.

Wadda suke gudu ita ce PVC, mai lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Sinadaran da ake zuba mata domin ta yi laushi suna tsattsafowa sannu a hankali, har ta yi danƙo ta kwashe tawada. Idan ta tsufa kuma takan fitar da asid mai cin takarda.

Sau da yawa hanci ma ya isa gane ta, saboda tana da wari irin na sabuwar ledar ɗaki. A ɗakunan bincike kuwa, akan ɗana wayar jan ƙarfe mai zafi a jikin ledar, a mayar da ita cikin wuta. Idan harshen wutar ya zama kore, to akwai sinadarin kulorin, alamar PVC ke nan.

Kalmar "archival" da kamfanoni ke bugawa a jikin kwali ba hujja ba ce. Dangane da hotuna, abin dubawa shi ne ko ledar ta tsallake gwajin PAT, wanda wata cibiya da ke Rochester a Amurka ta ɓullo da shi, aka kuma mayar da shi ma'aunin duniya mai lamba ISO 18916.

Sai dai kuma ko leda mai kyau tana da nata aibin. Polyester na da wani irin maganaɗisu da kan ɗago rubutun fensir ko tawadar da ta soma ɓarewa, abin da ya kamata masu riƙe da rubuce-rubucen Larabci da Ajami na gado su kula da shi. Haka nan da damina leda kan riƙe laima, sai fumfuna ta samu wurin zama.

Shi kuwa laminatin, wanda jama'a ke yi wa takardun shaida, ba ya cikin lissafi: zafi da gam ne ke haɗe ledar da takardar, raba su kuma ba tare da ɓarna ba abu ne mai wuyar gaske.