Kulorin a Ruwan Sha na Gida: Yadda Ake Auna Shi da Abin da Ba Ya Iya Yi

Kulorin shi ne sinadarin da hukumomin ruwa ke zubawa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, kuma shi ne ke cikin WaterGuard da ƙwayar Aquatabs da ake rabawa lokacin annoba. Yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot da na ciwon shawara da ake ɗauka ta ruwa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, inda gidaje da yawa ke sha daga rijiya da gulbi da jarkar 'yan ga-ruwa, sanin ma'aunin kulorin yana cikin kariyar da ta fi araha.

Yadda kulorin ke ƙarewa a cikin ruwa

Da zarar an zuba shi, kulorin yana fara aiki a kan duk abin da ya tarar: laka, ganye, tsatsa, ƙwayoyin cuta. Kowanne yana cin rabonsa. Abin da ya saura bayan haka shi ake kira ragowar kulorin, kuma shi ne ke tsare ruwan idan yaro ya tsoma hannu ko moɗa mai datti daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kada ya gaza 0.2 a lokacin sha, kada kuma ya wuce 5.

Shi ya sa ma'auni ɗaya ba ya isar kowane ruwa. Ruwan rijiya a watan Agusta, bayan kwararen damina ya shiga, yana cinye kulorin fiye da ruwan burtsatse mai garau. Wani burtsatsen kuma yana da sinadarin ƙarfe da yawa, sai a ga ruwan ya koma ja-ja bayan an zuba maganin. Ƙarfen ne ya cinye shi. Rana da zafi su ma suna lalata shi. Bokitin da aka bari a buɗe a tsakar gida zai iya rasa yawancin kulorin ɗinsa cikin 'yan sa'o'i, haka ma durom na ƙarfe mai tsatsa.

Ma'auni

Idan ruwan ya yi gurɓi, a fara kwantar da shi tukuna. A bar shi ya kwanta, ko a sa alif kaɗan, sannan a tsiyaye na sama ta cikin tsaftataccen ƙyalle. Wannan mataki shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ɓata aikin, domin ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin laka inda maganin ba ya kaiwa.

WaterGuard da Aquatabs suna zuwa da umarni a jikinsu, a bi shi. Aquatabs girma-girma ce: mai miligiram 67 ta jarka mai lita 20 ce idan ruwan garau ne, don haka a duba lambar kafin a jefa. Idan bilicin wanki kawai ake da shi, a karanta ƙarfinsa a jikin robar. Wanda aka rubuta 3.5% ana ɗibar mililita 1 zuwa 1.5 da sabon sirinji a zuba wa lita 20. Ba a amfani da mai ƙamshi ko mai launi ko wanda aka haɗa da sabulu, haka ma wanda ake aunawa a kwalbar lemo a kasuwa ba tare da rubutu ba, tunda ba mai sanin ƙarfinsa. Ruwan da bai washe sosai ba ko bayan tacewa, a ninka masa ma'aunin.

Mai tankin roba na lita 1,000 ya fi sauƙin aiki da garin kulorin mai ƙarfin 65 zuwa 70%, wanda ake kira HTH. A narka giram 15, wato kimanin cokalin cin abinci ɗaya a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa, a bar farin garin ya kwanta. Mililita 200 na ruwan saman ya ishi tankin. Ba a shan wannan haɗi kai tsaye.

Bayan an zuba, a girgiza, a rufe, a jira minti 30 cif. Sannan a shinshina. Ɗan warin kulorin alama ce cewa ragowa ta samu. Idan babu wari ko kaɗan, a maimaita ma'aunin a sake jira. Idan warin ya yi ƙarfi har yara sun ƙi sha, a juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan sau uku ko huɗu, zai ragu. A ganina wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka: gidan da aka cika wa magani sau ɗaya, washegari sai a koma ruwan rijiya tsantsa a ce na maganin ɗaci gare shi. Ma'aikatan lafiya na da ƙwayar gwaji ta DPD da ke mayar da ruwa ruwan hoda idan akwai ragowa. Ita ta fi hanci tabbas.

Zuba magani a cikin rijiyar kanta ba ya daɗewa, saboda sabon ruwa na ta ɓuɓɓugowa, guga kuma na ta shiga. A jarka ko randa mai murfi ya kamata a yi aikin, a kuma sake na kowace rana.

Sinadarin da ke riƙe kulorin

Masu kula da wuraren ninkaya na otal a Kano ko Abuja suna ƙara wani sinadari, sayanurik asid, wanda ke kare kulorin daga rana. Har wuraren da inji ke samar musu da kulorin daga gishiri suna buƙatarsa. Amma riƙon da yake yi yana rage saurin kashe ƙwayoyin cuta. Galibi ana tsayar da shi tsakanin miligiram 30 zuwa 50 a lita, kuma hukumar CDC ta Amurka ta ce inda ake amfani da shi kada kulorin ya gaza miligiram 2, maimakon 1. Ba ya ƙarewa da kansa; idan ya taru sai an zubar da wani ɓangare na ruwan an ƙara sabo.

Abin da ya kawo wannan magana nan shi ne manyan ƙwayoyin nan farare na wurin ninkaya suna shigowa kasuwa, wasu na jefa su a tankin gida. Ba don sha aka yi su ba, kuma ƙwaya ɗaya ta fi ƙarfin tankin gida nesa ba kusa ba. Aquatabs ma tana ɗauke da dangin wannan sinadari, sai dai an auna ta daidai da ruwan sha.

Kulorin ba ya cire dalma

Mutanen Tungar Guru da Yargalma da Dareta da Abare da Bagega ba sa buƙatar a ba su labarin 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum, har aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙungiyar MSF kuma ta yi wa yara magani. Babbar hanyar shigar gubar ƙura ce da ƙasar tsakar gida, amma wanke dutse a bakin rijiya ko kududdufi yana gurɓata ruwan. Kulorin ba ya taɓa dalma ko kaɗan. Tafasawa ma ba ta cire ta. Ruwa zai iya zama garau, da warin magani daidai, alhali da guba a ciki. Rijiyar da aka taɓa wanke dutse kusa da ita sai an gwada ta a ɗakin gwaji. Kafin nan a nemo wa yara da masu ciki ruwa daga wani wuri. Buhu ko bokitin da ya ɗauki garin dutse kada ya kusanci ruwan sha.

Akwai kuma ƙwayar cutar gudawa mai suna kiriptosporidiyam da ke jure ma'aunin kulorin na gida. Ga jariri da aka fara ba ruwa, da mai raunin garkuwar jiki, tafasa ruwan ya ɓararraka na minti ɗaya ya fi tabbas.

Hatsarin maganin kansa

Kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Kada a haɗa garin HTH da ƙwayar wurin ninkaya ko a aje shi kusa da fetur da man inji, yana iya kamawa da wuta. A aje su a inuwa, nesa da yara, cikin mazubinsu na asali. Bilic yana rage ƙarfi idan ya daɗe a zafi, don haka tsohuwar roba ba abin dogaro ba ce.

Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A wanke masa baki, a ba shi ruwa kaɗan idan yana iya haɗiya, a kai shi asibiti tare da robar. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsafta na minti 15.

Wanda kuma ya fara gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko da ruwan gidan mai magani ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, a haɗa shi da ruwan da aka tsaftace, a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa asibiti mafi kusa.