Daga 'Yan Kama Zuwa Ibro: Tarihin Raha a Ƙasar Tsanyawa

Duk matafiyin da ya kama hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi, ya ratsa ƙasar Tsanyawa, inda gona ke manne da gona har da ƙyar a sami taƙin da gero ko dawa ko gyaɗa ba su rufe da damina ba, la'alla ya yi zaton ma'abota wannan nahiya ba su da sukunin nishaɗi; alhali kuwa da zarar kaka ta yi, an cika rumbu, an sallaci lisha, babu abin da ke tara maigida da uwargida da jikoki a tsakar gida kamar tsohon fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda yara suka riga suka haddace, amma duk da haka a yi ta ƙyaƙyatawa.

Haƙiƙa asalin wannan al'amari ya girmi bidiyo nesa ba kusa ba. Tun zamanin kakanni akwai 'yan kama, waɗanda kan naɗa rawani su zauna a bakin kasuwa suna kwaikwayon malamai, sai dai wa'azinsu duk na tuwo da nama ne. Akwai kuma tashe, wanda yara ke somawa idan azumin Ramalana ya kwana goma, su kwaikwayi marowaci da malalaci da tsoho mai budurwar zuciya, manya suna dariya suna ba da sadaka. Da Turawa suka zo sai motar majigi ta shiga yawo ƙauyuka, ana nuna irin su Baban Larai domin koyar da noma. Bayan haka rediyo da talabijin suka kawo Usman Baba Pategi, watau Samanja, da Ƙasimu Yero na Karambana, ko da yake a wancan lokaci akwatin talabijin sai birni, ƙauye kuwa sai labari.

Kaset ɗin bidiyo shi ya rushe wannan shamaki. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kafin shekara goma kuma sana'ar ta rabu gida biyu: masu fim ɗin soyayya da rawa da waƙa irin ta Indiya, da 'yan camama, waɗanda Ibro ne limaminsu. An haife shi a Ɗanlasan a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo ɗungurungum, kuma a ganina sirrin karɓuwarsa a wuri irin Tsanyawa shi ne a finafinansa bai taɓa baro ƙauye ba. Gidan ƙasa ne, da zana, da akuya a turke. Rigimar kuwa ta bashi ce, ko kishiya, ko bokan ƙarya, ko baƙauyen da ya shiga birni ya dawo yana alfahari da Turancin da bai iya ba. Manomi ya ga maƙwabcinsa a ciki, in kuwa mai adalci ne, ya ga kansa. Sa'an nan galibin waɗannan finafinai suruki na iya kallonsu gaban surukarsa ba tare da an sunkuyar da kai ba, abin da fim ɗin soyayya bai cika samu ba.

Ban ce malamai duka sun yi na'am da shi ba, domin wasunsu sun ɗauki abin lagawu ne mai shagaltarwa, kuma a 2008, zamanin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta, an ɗaure Ibro a kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma fursuna. Amma hakan bai rage masa masoya ba.

Allah ya karɓi ransa ran 10 ga Disamba 2014, Allah ya jiƙansa. Kaset ya shuɗe, faifai ma ya bi sahu, yanzu a kasuwa ake tura wa mutum finafinan cikin waya a kan kuɗi kaɗan, sau da yawa hoton ya dushe, wani ma ba farko ba ƙarshe. Saboda haka muna roƙon jami'o'inmu da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su tattara na asali su adana tun waɗanda suka ɗauke su suna raye.