Wa ya raɗa ma abokin aikinka suna?

A biro ko a lakwal, daga Magarya har Dungas, in aka turo sabon ma'aikaci tambayar farko ita ce: ɗan ina ne? In Bazabarme ne, a ce son mulki. In Bahaushe ne, a ce hankalinsa na kasuwa, rabin zuciyarsa na Kano. Bai ko zauna kujerarsa ba an gama mishi shari'a.

Wannan magana ba daga kakanni muka gado ta ba. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da Damagaram ba: a 1906 sun tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin makirci, a 1926 suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai. Mu da ke bakin iyaka, kallon mutanen Ingilishi suke mana. Lakwal da aikin gwamnati suka karkata yamma, sai aka mayar da shi halin ƙabila.

Amma waɗanda suka fi shan ta su ne ƴan Dahome, Benin ta yau. Bature ya kawo su rubutu da koyarwa, aka laƙaba musu girman kai da cin gurbin ƴan ƙasa. A Disamba 1963, ana rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kore su. Mutum ya wayi gari mushen da ya koya mishi ABC na ɗaure kaya, teburinsa kuwa har an san wanda zai hau.