Tun kafin kwamfuta, a bakin sikeli ake tantance kaya

1/ 'Yan uwa masu haɗa fom a intanet, na sha jin ana cewa fom ɗin da ba ya ajiye komai a rumbun bayanai bai buƙatar tantancewa. Ku biyo ni mu leƙa tarihin auduga a Funtuwa da Malumfashi.

2/ A 1902 aka kafa BCGA a Ingila don samar wa masaƙunsu auduga. Daga baya suka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Amma a kasuwa ake duba audugar manomi, a ba ta daraja, kana a ɗora a sikeli. Mai datti ko jiƙa tun nan ake tare ta, sito bai ma gan ta ba.

3/ A 2012 shirin GES na ministan noma Akinwumi Adesina ya mayar da rabon taki kan waya: buhu 2 a rabin kuɗi, ta saƙon tes. To idan lamba ɗaya ta faɗi wajen cike fom, saƙon ba zai iso ba. Taki na nan, damina na tafiya, manomi na jira.

4/ Masu manhaja ma sun bi wannan hanya. Da can a Rails, dokokin tantancewa manne suke da rumbun bayanai. A 2010 Rails 3 ya zo da ActiveModel, ya raba su. Django kuma yana da Form daban, ModelForm daban.

5/ Misali: fom ɗin ƙungiyar manoman masara da ke lissafa taki ya tura ta WhatsApp kawai. Lambar waya, NIN da BVN duk lambobi 11 ne, saboda haka ƙirga tsawo kaɗai bai isa ba. Duba ko ta wayar ta fara da 0.

6/ Girman gona fa? Hekta 1 kusan eka 2.5 ce. Mutum ya rubuta 5 yana nufin eka, fom ya ɗauka hekta, ka sa shi sayen takin da ya ninka buƙatarsa fiye da sau biyu. Ka tilasta zaɓen ma'auni, ka hana sifili.

7/ Kuma kar ka dogara da binciken burauza kaɗai, ana iya tsallake shi. Sake dubawa a saba.

8/ Ni dai ra'ayina, ko za a ajiye ko ba za a ajiye ba, a duba kaya tun a ƙofa. Ku tura wa mai haɗa muku fom.