Direban Linzamin Kwamfuta: Ma'anarsa, Yadda Ake Ɗora Shi da Hanyoyin Warware Matsalolinsa

Direban linzami wata ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin linzamin kwamfuta da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar Windows ko macOS ko Linux. Aikinsa shi ne karɓar saƙonnin da linzamin ke aikowa, wato motsi zuwa dama ko hagu, latsa maɓalli da murza ƙaramar tayar tsakiya, ya mayar da su umarnin da kwamfutar za ta fahimta. Idan direban ya ɓace ko ya lalace, kibiyar da ke kan allo takan daskare, ko ta riƙa tsalle, ko ta ɓace gaba ɗaya, ko da kuwa linzamin kansa lafiyarsa ƙalau.

Batun ya shafi duk wanda aikinsa ya rataya a kan kwamfuta: ɗalibin da ke cike fom a shagon intanet, ma'aikacin da ke shigar da bayanan jama'a a cibiyar rajista, ɗan jaridar da ke ƙoƙarin aika labari kafin lokaci ya ƙure. Ya kuma shafi tsaro, domin direba yana aiki ne a can cikin zuciyar kwamfuta, kuma neman "direban kyauta" a intanet na daga cikin ƙofofin da miyagun manhajoji ke shigowa ta cikinsu.

Taƙaitaccen tarihi

Injiniyan Amurka Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta a cibiyar bincike ta Stanford da ke jihar Kaliforniya, abokin aikinsa Bill English kuma ya ƙera samfurin farko da katako a 1964. Engelbart ya nuna wa jama'a na'urar a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. Ba ta shiga gidaje da ofisoshi sosai ba sai a shekarun 1980, bayan Microsoft ya fitar da linzaminsa a 1983, Apple kuma ya fitar da kwamfutar Macintosh a 1984.

A wancan zamani, linzami yakan zo da faifan direbansa, kuma sai an ɗora shi da hannu kafin kibiya ta motsa. Kamfanin IBM ya kawo zagayayyiyar kafar nan ta PS/2 a 1987, wadda har yanzu ake gani a bayan tsofaffin kwamfutocin tebur. Babban sauyi ya zo ne da kafar USB a ƙarshen shekarun 1990, tare da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya da ake kira HID, wadda ta tsara yadda linzami da allon madannai za su gabatar da kansu ga kowace kwamfuta. Albarkacin wannan ƙa'ida ne direba guda ɗaya da ke cikin Windows ke iya tafiyar da kusan kowane linzami, na tsada ne ko na araha.

Direba iri biyu

Na farko shi ne direban gama-gari da ke zuwa tare da babbar manhajar kwamfuta. A Windows yana bayyana da sunan HID-compliant mouse, kuma yana kula da motsi, maɓallan dama da hagu da tayar tsakiya. Mafi yawan masu amfani da kwamfuta ba sa buƙatar abin da ya wuce wannan.

Na biyu shi ne manhajar kamfanin da ya ƙera linzamin, irin su Logi Options+ ta Logitech da Synapse ta Razer. Amfaninta shi ne sarrafa ƙarin maɓallai, daidaita kaifin motsi da kunna fitilu. Linzamin yakan yi aikinsa na yau da kullum ko babu ita.

Faifan shafawa da ke jikin kwamfutar tafi-da-gidanka shi ne ya fi dogara da direba na musamman. Kamfanoni irin su Synaptics da ELAN ne ke ƙera da yawa daga cikinsu, kuma idan aka sake ɗora Windows ba tare da direbansu ba, sau da yawa shafawa da yatsu biyu takan daina aiki. Wannan matsala ta zama ruwan dare a kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, waɗanda akan goge su a sake musu manhaja kafin a sayar a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja.

Yadda ake ɗorawa

Ga linzami mai waya, a soka shi a kafar USB a jira 'yan daƙiƙoƙi; Windows zai gane shi ya ɗora direban da kansa, ko babu intanet. Idan na tsohuwar kafar PS/2 ne, sai an kashe kwamfutar a soka shi sannan a kunna, domin wannan kafar ba ta gane na'urar da aka haɗa bayan kwamfuta ta riga ta tashi.

Ga linzami marar waya mai ƙaramin makarɓi, a sa masa batir, a soka makarɓin a kafar USB, a kunna makunnin da ke ƙasan linzamin. Galibi makarɓin yana ɓoye ne a cikin ramin batir. Mafi yawan linzamai masu araha an ɗaure su da makarɓinsu tun daga masana'anta, saboda haka idan ya ɓace linzamin ya tashi aiki. Wasu na Logitech sun bambanta, domin makarɓinsu na Unifying yana iya ɗaukar na'urori har shida.

Ga linzami mai Bluetooth, a danna maɓallin haɗi da ke ƙasansa har fitilarsa ta fara ƙyaftawa, sannan a shiga Settings, a buɗe sashen Bluetooth, a zaɓi ƙara na'ura, a danna sunan linzamin.

Idan ana buƙatar manhajar kamfani, wurare biyu ne amintattu: Windows Update da shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Ga faifan shafawa, a nemi shafin wanda ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, a shigar da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan kwamfutar.

Bincike kafin a zargi direba

Sau da yawa direba ba shi da laifi. Masu gyara sukan fara da abubuwa masu sauƙi, kuma tsarin da ya fi dacewa shi ne:

1. A canza kafar USB. A kwamfutar tebur, a gwada kafofin baya, domin su ne ke manne kai-tsaye da babban allon na'urar.
2. A gwada linzamin a wata kwamfuta. Idan can ma bai yi ba, linzamin ne ya lalace, kuma babu manhajar da za ta gyara shi.
3. A canza batir idan marar waya ne.
4. A goge idon hasken da ke ƙasa. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sa kibiya ta riƙa rawa.
5. A canza shimfiɗa. Linzami mai haske ba ya son gilashi da tebur mai sheƙi; farar takarda ko kwali ya wadatar don gwaji.
6. Ga faifan shafawa, a duba ko an kashe shi bisa kuskure da maɓallin Fn haɗe da ɗaya daga cikin maɓallan jerin sama. A wasu kwamfutocin HP, taɓa kusurwar sama ta hagu sau biyu yana kashe shi ko kunna shi.

Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba. Linzamai marasa waya suna aiki ne a zangon mita 2.4 GHz, kuma na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar lantarki a wannan zango, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a wani rahoto na 2012. Idan makarɓin linzami yana dab da filashi ko ma'ajiyar bayanai ta USB 3.0, kibiya takan riƙa sarƙewa. Maganinsa shi ne a mayar da makarɓin ɗaya gefen kwamfutar.

Aiki da madannai idan linzami ya mutu

Gyaran direba yana buƙatar shiga wurare da dama a lokacin da kibiya ba ta motsi. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, a danna Enter. Wannan zai buɗe Device Manager, inda aka jera duk na'urorin da ke haɗe da kwamfutar. Maɓallin Tab yana shigar da mutum cikin jerin, maɓallan kibau suna hawa da sauka, kibiyar dama tana buɗe rukuni, Enter kuma yana buɗe bayanan na'ura. Windows yana da wani tsari mai suna Mouse Keys wanda ke ba da damar motsa kibiya da maɓallan lambobi. Ana kunna shi da Alt na hagu, Shift na hagu da Num Lock a lokaci guda.

Sanin madannai yana da amfani har a ɗakin jarrabawa. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta tsara manhajarta yadda ɗalibi zai iya zaɓar amsa da A, B, C ko D, ya ci gaba da N, ya koma baya da P, ba tare da ya taɓa linzami ba.

Gyaran direba a Windows

A cikin Device Manager, a buɗe rukunin Mice and other pointing devices. Alamar motsin rai a cikin rawayan alwatika tana nuna akwai matsala, kuma bayanan na'urar sukan nuna lambar kuskure. Code 28 na nufin ba a ɗora direba ba. Code 10 na nufin na'urar ta kasa tashi. Code 43 na nufin Windows ya dakatar da ita saboda ta kai rahoton matsala, kuma idan wannan lambar ta bi linzamin zuwa wata kwamfuta, to waya ko makarɓin ne ya lalace.

Matakai uku ne ake bi, gwargwadon yadda matsalar ta faro. Idan ta fara ne bayan sabunta manhaja, a shiga shafin Driver a zaɓi Roll Back Driver domin komawa tsohon direba. Idan zaɓin ya dushe, babu tsohon da aka ajiye. Idan ba a san musabbabi ba, a zaɓi Uninstall device, sannan a sake kunna kwamfutar, Windows zai ɗora sabon kwafi da kansa. Idan faifan shafawa ne ko linzami mai ƙarin maɓallai, a zaɓi Update driver, ko a duba sashen Optional updates a Windows Update, inda direbobin kamfanoni ke bayyana.

Idan linzami yana ɗaukewa yana dawowa, musamman lokacin da kwamfuta ke kan batir bayan an ɗauke wuta, mai yiwuwa tsarin tattalin lantarki ne ke kashe kafar. A buɗe rukunin Universal Serial Bus controllers, a shiga USB Root Hub, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar a shafin Power Management.

Gwaji na ƙarshe shi ne Safe Mode, wanda ake shiga ta hanyar riƙe Shift yayin zaɓar Restart. A wannan yanayi Windows yana tashi da direbobinsa na asali kawai. Idan linzami ya yi aiki a nan, wata manhaja da aka ɗora daga baya ce ke hana shi, kuma sai a cire ta. Manhajojin linzami biyu na kamfanoni daban-daban a kwamfuta guda sukan yi karo da juna.

A macOS da Linux, direban gama-gari yana cikin tsarin tun asali. A macOS manhajar kamfani takan buƙaci izini a sashen Privacy & Security kafin ƙarin maɓallai su yi aiki. A Linux, umarnin lsusb yana nuna ko kwamfuta ta ga na'urar.

Haɗarin tsaro

Direbobi da yawa suna aiki da cikakken iko a kan kwamfuta, shi ya sa Windows mai 64-bit ke ƙin karɓar direban da ba shi da sa-hannun lantarki na wanda ya rubuta shi. Tarihi ya nuna girman abin da ke tattare da hakan. Muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata na'urorin tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, ta yi amfani da direbobi masu sa-hannun da aka sato daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kuskure a sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a matakin direba, ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, ya tsayar da jiragen sama, ya kawo cikas a bankuna da asibitoci.

Linzami kansa ya taɓa zama ƙofar kutse. A 2016, kamfanin Bastille ya bayyana wata ɓaraka da ya kira MouseJack, wadda ke ba mai kutse damar aika umarnin madannai daga nesa ta cikin makarɓin wasu linzamai marasa waya. A watan Agusta na 2021 kuma, wani mai bincike ya nuna cewa soka linzamin Razer a kwamfutar Windows 10 yana jawo manhajar kamfanin ta atomatik, ta hanyar da za ta iya ba wanda ke zaune gaban kwamfutar cikakken iko a kanta. Kamfanin ya amsa cewa zai gyara.

Ga 'yan jarida, masu sa ido a zaɓe da 'yan fafutuka da ke ajiye bayanan mutane a kwamfutocinsu, ƙa'idojin kariya a fili suke. Kada a ɗauko direba daga shafukan da ke tallar "sabunta duk direbobi da latsawa ɗaya", domin da yawansu suna cusa tallace-tallace ko manhajar leƙen asiri. Kada a kashe binciken sa-hannun direba don wani shafi ya ce a yi. Idan mai gyara zai ɗora direba daga filashinsa, a nemi ya ɗauko daga shafin kamfanin a gaban mai kwamfutar. A kuma lura cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin gama-gari ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, na Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, saboda haka sababbin manhajojin linzami za su riƙa janye jiki daga waɗannan tsare-tsare, ko da yake direban gama-gari zai ci gaba da aiki a kansu.

Lokacin da ya kamata a sayi sabo

Wasu alamomi suna nuna lalacewar ƙarfe ne. Idan latsawa ɗaya tana zama biyu a kowace kwamfuta, ƙaramin makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya gaji. Idan linzami yana ɗaukewa duk lokacin da aka motsa wayarsa, wayar ta karye daga ciki, galibi a daidai inda ta shiga jikinsa. Idan tayar tsakiya tana komawa baya alhali ana murza ta gaba, datti ne ko lalacewar na'urar da ke ƙirga juyinta. Mai gyara zai iya canza makunni ko waya, amma ga linzami mai araha kuɗin gyaran kan yi kusa da kuɗin sabo. Cibiyoyin jarrabawa, shagunan intanet da ofisoshin rajista sun fi amfana da ajiye linzami mai waya guda ɗaya ko biyu a matsayin ko-ta-kwana, domin ba ya buƙatar batir ko intanet, kuma shi ne kayan gwaji mafi sauri wajen bambance laifin na'ura da laifin manhaja.